Microsoft Store na sa kwamfutocin shagona nauyi: in cire shi ko in bar shi?

Tambayar ta zo daga Tawa. Mai ita ya ce: "Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi, kwamfutoci uku gare ni, duk na hannu, Windows 10 ke kansu. Kullum da safe in na kunna su sai su yi nauyi, ko Word sai an jira shi, ga ɗalibai tsaye da takardunsu a hannu. Wani yaro ya duba ya ce wani abu ne wai shi wsappx, na kantin nan Microsoft Store da ke zuwa a cikin Windows, ya ce a tumɓuke kantin gaba ɗaya. Ni kuwa ban taɓa sayen komai a ciki ba. Ga forfe ɗina na intanet na ƙarewa ban san inda yake tafiya ba. In cire shi?"

Ƙanena, kada ka cire shi. Yaron ya ga abin da ke faruwa daidai, amma maganin da ya ba ka zai jawo maka wata wahalar da ta fi wannan. A aikin gyaran da nake yi nan Yamai, kwamfutar da kanti ya yi wa nauyi tana da sauƙin sha'ani, wadda aka tumɓuke wa kanti da ƙarfi ita ce ke cin yini guda a kan tebur. Abin da ke damun na'urorinka aiki ne da Windows ta fara ba ta samu ta gama ba, take sake ɗaukarsa daga farko kowace safiya. Sai ka ba ta dama ta gama shi sau ɗaya, daga nan kai ne za ka sa mata lokacin da za ta sake taɓa shi.

Ka fara sanin ko mene ne wannan kantin. Ya shigo tare da Windows 8 a 2012 da sunan Windows Store, a 2017 aka maida shi Microsoft Store. Mutane na ɗaukar cewa wurin saye da sayarwa ne kawai, shi ya sa kake mamakin abin da ya haɗa ka da shi tunda ba ka saye. Amma a Windows 10 da 11 ta wannan hanya ake sabunta manhajoji da yawa da suka zo tare da na'urar: na'urar lissafi, manhajar buɗe hotuna, kyamara, abin ɗaukar hoton allo, da ƙananan kayan da ke ba kwamfuta damar buɗe hoton da aka ɗauka da iPhone. WhatsApp na kwamfuta ma ta nan yake zuwa. Saboda haka ko ba ka taɓa leƙa kantin ba, shi yana leƙa intanet a madadinka, yana neman sabon zubin kowace manhaja, yana saukewa.

Shi kuma wsappx suna ne da ya haɗa ma'aikata biyu na Windows. Na farko AppXSVC, shi ke girka manhajojin kanti, ya sabunta su, ya cire su. Na biyu ClipSVC, shi ke duba lasisi, ya tabbatar an yarda manhajar ta buɗe a wannan na'ura. Wanda ke cin ƙarfi galibi na farkon ne. In an sauko da sabon zubi, sai ya kwance ƙunshin, ya duba sa hannun da ke kansa, ya rubuta fayilolin cikin babban fayil na WindowsApps, sannan ya yi wa kowane mai asusu a kwamfutar rajistar manhajar. Fayilolin nan ƙanana ne, masu yawan gaske. Kowanne da aka rubuta kuma, riga-kafin Windows, wato mai kama ƙwayoyin cutar kwamfuta, sai ya bi bayansa ya duba shi, shi ya sa za ka ga wani suna mai tsawo, Antimalware Service Executable, yana hawa sama lokaci guda da wsappx.

A sabuwar na'ura duk wannan na wucewa ba tare da kowa ya lura ba. A irin namu na hannu kuwa, faifan ajiya ne ke kasawa. Yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke shigo mana suna ɗauke da faifai mai juyi, wanda muke ce wa dis-dur, mai zagaye 5400 a minti, da ɗan hannu guda ɗaya da ke kai da komo yana neman inda aka ajiye kowane abu. In babban fayil ɗaya zai karanta, ba laifi. In ƙananan fayiloli ne warwatse, abin da yake iya yi bai wuce wajen ɗari a daƙiƙa ba. Kamar rijiya ce mai zurfi da guga ɗaya: ruwa na nan, amma kowa sai ya bi layi, kuma wsappx ya riga kowa zuwa da garkensa. Word ɗinka yana can baya yana jira. In kuma RAM ɗin, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, giga 4 ne, abin ya ƙara lalacewa, don da ya cika sai Windows ta riƙa juye abin da ya rage a kan wannan faifan da ya riga ya gaji.

Kafin ka taɓa komai, ka gani da idonka. Gobe da safe, da ka kunna na'ura, danna Ctrl da Shift da Esc tare. Zai buɗe abin da na'ura mai Faransanci ke kira "Gestionnaire des tâches", mai Ingilishi kuma "Task Manager". In ƙaramin akwati ya fito, danna "Plus de détails" a ƙasa. Akwai ginshiƙai huɗu da suka dame mu: Processeur, Mémoire, Disque, Réseau. Danna kan "Disque" don masu cin faifai su hau sama. A na'ura mai irin ciwonka za ka ga kan ginshiƙin ya rine ya koma ja-ja, an rubuta 100%, alhali lambobin da ke ƙarƙashinsa ƙanana ne, mega biyu ko uku a daƙiƙa. Wannan shi ke ruɗa mutane, su ce ta yaya mega uku zai cika faifai. Ba yawan kayan ake aunawa ba, lokacin da faifan ya ɗauka yana aiki ba hutu ake aunawa. In ka kai kunne kusa da na'urar za ka ji shi yana ƙyas-ƙyas ba tsayawa, fitilarsa kuma a kunne kawai, ba ta ƙiftawa.

Danna ɗan kibiyar da ke gefen wsappx ka ga wanne cikin biyun ke aiki. Sannan ka danna wa wsappx ɗin kansa maɓallin dama na linzami ka zaɓi buɗe wurin da fayil ɗin yake. Ya kamata ya kai ka C:\Windows\System32, kan fayil mai suna svchost.exe. In wani wuri ya kai ka, to ba kanti ba ne, ƙwayar cuta ce ta ari sunansa, kuma a shagon da kowa ke zuwa ya soka kile ɗinsa na USB wannan ba abin mamaki ba ne. In haka ne, aikinka na riga-kafi ne. Haka kuma in ka ga wanda ke saman layi ba wsappx ba ne, wani ma'aikacin Windows ne daban, kamar Windows Update ko SysMain ko mai binciken fayiloli, to yaron ya kama wanda ya tarar a wurin ne kawai. Ka duba safiya biyu ko uku kafin ka yanke hukunci.

Mu ɗauka shi ne. Tambayar gaskiya ita ce, me ya hana shi gamawa? Aikin da ya kamata ya tashi jefi-jefi, ya yi minti goma ya kwanta, don me yake dawowa kullum?

Abu na farko da zan tambaye ka, tunda shago ne: akwai manhajar daskarewa a kan na'urorin? Masu shagon intanet da na buga takardu da yawa suna sa Deep Freeze ko makamancinta, wadda ke maida kwamfuta yadda take a duk lokacin da aka sake kunna ta, don kada abin da abokan ciniki suka zuba ya zauna. Dabara ce mai kyau, ina ba da shawararta. Amma dubi abin da ke faruwa. Da safe kanti ya ga manhajojinsa sun tsufa, ya sauko da sababbi da forfe ɗinka, ya girka su, na'ura ta sha wuya. Da dare ka kashe. Washegari manhajar daskarewa ta shafe duk abin da aka yi jiya, kanti ya sake ganin tsofaffin manhajoji, ya sake saukewa. Haka zai yi ta yi har abada, a na'ura uku, kuma kowane wata tarin abin da zai sauke ƙaruwa yake yi, don hoton da aka daskare yana ƙara tsufa. Da na ji ka haɗa nauyin safe da ƙarewar forfe a tambaya ɗaya, nan hankalina ya fara zuwa. Sau da yawa mai shagon bai ma san da ita ba, wanda ya girka masa Windows ne ya sa ya tafi da kalmar sirrin. In tana nan, sai a narke ta, wato a dakatar da aikinta, a bar sabuntawa ta ƙare, a kashe sabuntawar kai-tsaye kamar yadda zan nuna maka, sannan a sake daskarewa. In ba a bi wannan jeri ba, duk sauran gyaran banza ne, gobe zai goge.

Na biyu, agogo. Dubi kwanan wata da ke kusurwar allo. A tsofaffin na'urori akwai ƙaramin batir mai kamar kwabo a jikin allon uwa, a na tebur yawanci CR2032 ne, shi ke riƙe lokaci in an kashe. In ya mutu, da an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai na'ura ta tashi da kwanan watan shekarun baya. Kanti kuwa ba ya yarda ya yi magana da uwar garkensa, wato babbar kwamfutar Microsoft da yake sauko da kaya daga gare ta, in kwanan wata bai yi daidai ba, don takardun shaidar tsaro suna da ranar farawa da ranar ƙarewa. Sai ya gwada, ya kasa, ya sake gwadawa. Shiga Paramètres, "Heure et langue", ka sa lokaci ya riƙa daidaita kansa, ka tabbatar yankin lokaci na UTC+01:00 ne na Afirka ta Tsakiya ta Yamma, ba na Faris ba, don na Faris yana ƙara awa guda in bazararsu ta zo. Batir ɗin kuma a sauya shi, ba ya da tsada.

Na uku shi ne wanda kowa ya sani: rezo ya yanke ana tsakiyar saukewa, ko kuran ya tafi ana tsakiyar girkawa. Kwamfutar tebur da ba ta da ondiler, akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, tana mutuwa nan take, ta bar ƙunshi rabi a rubuce. Akwai kuma yankewar da mu ke yi da hannunmu. Mutum ya ga wsappx na cin faifai sai ya danna "Fin de tâche", ko ya danne maɓallin wuta har na'ura ta mutu. Na fahimci zafin ran, ga mutane na jira. Amma duk lokacin da aka yi haka aikin ya koma baya, wani lokaci ma ya lalata rajistar manhajar da ake cikin girkawa.

To ga yadda za ka yi, kuma ka zaɓi yammacin da ba ciniki, ko ranar Lahadi. Ka sayi forfe mai ɗan kauri na wannan rana, in na dare ya fi araha ka yi da dare. Na'ura ɗaya za ka fara da ita. Ka duba faifan C yana da sarari, aƙalla giga goma zuwa sha biyar, don kwance ƙunshi na son wuri. Shagunan buga takardu kan tara fayilolin mutane na shekaru a kan tebur ɗin allo, a kwashe su zuwa wani faifai.

Kafin ka sabunta komai, rage yawan abin da za a sabunta. Wannan mataki mutane ke tsallakewa, alhali shi ya fi rage aiki. Shiga Paramètres, Applications, ka bi jerin. Windows 10 kan zo da wasanni da manhajojin da ba ruwan shagonka da su: Candy Crush, Solitaire, Skype, labarai, hasashen yanayi, da tarkacen da kamfanin da ya ƙera na'urar ya ƙara. Duk wanda maɓallin "Désinstaller" ɗinsa ke aiki kuma ka san ba ka amfani da shi, cire shi ta wannan hanya. Wanda maɓallinsa ya dushe, bar shi, Windows ce ke gaya maka tana bukatarsa. Kada ka taɓa masu suna Microsoft Visual C++, ko direbobin firinta da na sauti. In akwai tsofaffin asusun mutane da ba a amfani da su, na yaron da ya bar aiki ko na tsohon mai na'urar, goge su bayan ka kwashe abin da ke ciki, don kowane asusu da nasa rajistar manhajojin.

Sai ka wanke ma'ajiyar wucin gadi ta kantin. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta wsreset.exe, danna Entrée. Wani baƙin akwati zai buɗe, babu rubutu ko ɗaya a ciki, ɗan layi kawai ke ƙiftawa. Mutane na ganin haka su ce ya maƙale su rufe. Kada ka rufe. A faifai mai juyi yana iya ɗaukar minti ɗaya ko fiye. Shi da kansa zai ɓace, kanti ya buɗe. Ba ya goge manhajojinka, ba ya taɓa takardunka.

Da kanti ya buɗe, je "Bibliothèque", danna "Obtenir des mises à jour", ka bar shi. Ka sa caja, ka hana na'urar yin barci, ka tafi sallah ka dawo. Zai yi nauyi sosai a wannan lokaci, haka ake so, aikin da ya taru ne ake saukewa. In ya gama ka sake dannawa, har sai ya ce babu saura. In ka ga manhaja ɗaya ta ƙi, kullum tana nuna kuskure, to ka kama mai laifin: ita ce ke tada wsappx kowace safiya. In ba ka bukatarta cire ta. In kana bukata, cire ta ka sake saukewa.

In kantin kansa ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe ya rufe, koma Paramètres, Applications, nemo Microsoft Store, shiga "Options avancées". Akwai "Réinitialiser", a wasu zubin kuma akwai "Réparer" a samansa. In akwai shi fara da shi, in bai yi ba ka yi ɗayan. In har yanzu shiru, to ɓarnar ta kai ga fayilolin Windows, abin da yawan ɗaukewar kuran ke haifarwa. Buɗe "Invite de commandes" a matsayin mai gudanarwa, ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, ka jira. Yana son intanet, kuma yakan tsaya a lamba ɗaya ya daɗe kamar ya mutu, bai mutu ba. In ya gama ka rubuta sfc /scannow. Sannan ka sake kunna na'ura da "Redémarrer", ba kashewa da kunnawa ba, don a Windows 10 kashewa ta yau da kullum ba ta sauke komai gaba ɗaya, tana ajiye wani sashe don ta tashi da sauri.

Yanzu aiki ya ƙare, saura ka karɓi linzami. Abin da na fi so ga duk mai sayen forfe shi ne ya gaya wa Windows cewa intanet ɗinsa na awo ne. Windows kan ɗauki wifi tamkar na ofis ne marar iyaka, sau da yawa ba ta san daga salularka kake raba shi ba, ko daga ɗan akwatin da kake zuba wa kuɗi. Shiga Paramètres, "Réseau et Internet", Wi-Fi, danna sunan rezon da kake kai, ka kunna "Définir comme connexion limitée". In da waya aka haɗa na'urar, ana yin haka a ɓangaren Ethernet. Da ka yi wannan, kanti zai daina saukewa da kansa, Windows Update ma zai taƙaita ga abin da ya zama dole. Kowane rezo da nasa saitin, in ka sauya salula ko sunan wifi sai ka sake. Abu ɗaya ka riƙe tunda sana'arka ta firinta ce: a kan rezo na awo Windows ba ta sauko da direban sabuwar na'urar da aka soka. Ran da ka sayo sabuwar firinta ta ƙi hawa, ka tuna da wannan, ka ɗage saitin na ɗan lokaci.

A cikin kantin ma akwai maɓalli. Danna hoton asusu a sama, shiga saituna, ka kashe "Mises à jour des applications". A sabon zubin kantin za ka iya tarar da cewa ba kashewa yake ba, dakatarwa ce ta ƴan makonni, daga nan ya dawo da kansa. In na'urorinka Windows Pro ne, kuma yawancin na hannu da suka fito daga ofisoshin waje irin su Latitude da EliteBook da ThinkPad Pro ne, akwai hanya mai ɗorewa. Windows da R, rubuta gpedit.msc, ka bi "Configuration ordinateur", "Modèles d'administration", "Composants Windows", ka nemo babban fayil na Store. A ciki akwai dokar da ke hana saukewa da girka sabuntawa kai-tsaye. Ka lura da kyau, dokar hanawa ce, saboda haka "Activé" za ka zaɓa don hanin ya hau. Kusa da ita akwai wata da ke rufe kantin gaba ɗaya, kada ka ɓata lokaci a kanta, a Windows 10 Pro ba ta aiki, an keɓe ta ga zubin Enterprise da Education.

Amma in ka rufe ƙofa, wajibi ne ka riƙa buɗe ta da kanka. Sau ɗaya a wata, ka zaɓi yamma, ka ɗage awon, ka narke daskarewa in akwai, ka bar Windows da kanti da riga-kafi su sabunta, ka maida komai. Shagon da kile ɗari ke shiga bai kamata ya zauna da tsohon riga-kafi ba, shi kam ko kowane mako ka sabunta shi da hannu, bai da nauyi.

Akwai wani saiti da ake kira "Optimisation de la distribution", a ƙarƙashin "Mise à jour et sécurité". Yana ba kwamfutoci damar raba wa juna abin da suka sauke. Zaɓi biyu ne: na'urorin cikin gida kaɗai, ko har da na baƙi a intanet. Na biyun ka guje shi, da kuɗinka za a yi wa wani hidima. Na farkon kuwa alheri ne gare ka, tunda uku gare ka a rezo ɗaya: a ranar sabuntawa ka fara da ɗaya ta gama, sauran biyun za su iya ɗibar wani kaso daga wurinta maimakon daga waje.

Dalilin da ya sa na hana ka cirewa kuwa, Microsoft ba ta sa wa kantin maɓallin cirewa ba, sai an bi ta PowerShell, wani akwatin rubuta umarni na Windows, da umarnin da ake kwafowa daga intanet. Yawancin masu kwafowa ba su san abin da layin ke yi ba. Akwai wanda ke share kantin kaɗai, akwai wanda ke share dukkan manhajojin irinsa har da ginshiƙan da suke tsaye a kai. Sai ka wayi gari abokin ciniki ya turo hoton fasfo, ka danna ya ƙi buɗewa, na'urar lissafi ta ɓace, wani lokaci maɓallin Démarrer kansa ya daina amsawa. Kuma abin takaicin, wsappx bai tafi ba, don sashen Windows ne, ba na kantin kaɗai ba. Masu shiga rajista, wato ma'ajiyar saitunan cikin Windows, su kashe AppXSVC ko ClipSVC da ƙarfi su ma haka suke ƙarewa. Daga nan sai formataj, a share faifan a sake girka Windows, a rasa yini, wani lokaci a rasa takardun mutane. Haka nake faɗa game da Windows ɗin nan da ake yayi wai "mai sauƙi", wanda wani da ba a sani ba ya yanke wa sassa ya saka a intanet. Tana da sauri, gaskiya ne. Amma ba ka san abin da ya cire ba, ba ka san abin da ya ƙara ba, kuma a na'urarka mutane ke buɗe imel ɗinsu suna buga takardun haihuwa da na jarrabawa. Amanar mutane ce a hannunka.

In nauyin a cikin burauza kake jinsa, ba a na'urar gaba ɗaya ba, ka duba Edge. Shi ma yana da nasa kayan sayayya da ke neman rangwame da kwatanta farashi, waɗanda ba su da amfani ga mai zama Tawa, kuma yana tashi a ɓoye tare da Windows. A saitunansa ka kashe na sayayyar, ka kashe "Démarrage rapide" da ci gaba da aiki bayan an rufe shi.

Duk abin da na lissafa zai sauƙaƙa maka, kuma bai ci ko dala ba in ban da forfe da ɗan batir. Amma ba zan ɓoye maka ba, muddin faifai mai juyi ne a ciki, gobe wani ne zai cika shi, in ba kanti ba Windows Update, in ba shi ba riga-kafi. A "Gestionnaire des tâches", shiga "Performances", danna Disque, za ka ga an rubuta HDD ko SSD. In HDD ne, wato faifai mai juyi, kuɗin farko da ka samu ka sa SSD. Ba shi da abin da ke juyi, ƙananan fayilolin da tsohon ke yi ɗari a daƙiƙa shi yana yin dubbai, kuma ya fi jure girgiza. Na giga 256 mai mahaɗin SATA ya ishi aikin shago, tsohon faifan kuma a sa shi a ɗan akwati ya zama ma'ajiyar takardu. Ka saya wurin wanda zai ba ka garanti, don akwai na jabu a kasuwa masu nuna girman da ba su da shi. In da hali a kai RAM giga 8. Ban san wani gyara da ke sauya tsohuwar na'ura kamar wannan ba, har mai ita kan yi zaton an sauya masa ita ne. Ka fara da wadda aka fi aiki da ita, sauran su biyo baya in ciniki ya yi.

Ranar da za a buɗe cikinta, a share ƙura. Bayan hunturu, in ka ɗaga murfin kwamfutar da ta yi shekara a shago bakin hanya, za ka tarar ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya, ta yi kauri har ana ɗago ta da ɗan tsinke a dunƙule guda. Iska ba ta wucewa. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Furosesa in ya yi zafi rage gudunsa yake yi don kada ya ƙone, sai aikin minti biyar ya koma na ashirin. A hure ta, a riƙe fankar kada ta yi ta juyi lokacin hurawa, a sauya man da ke kan furosesa in ya bushe.

Sai maganar Windows 10 kanta. Microsoft ta daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da shirin ƙarin wa'adin tsaro da ta buɗe wa masu amfanin gida na shekara guda. Na'urorinka ba za su daina aiki ba, kanti ma yana nan, amma ka fara tunanin gaba. Windows 11 na son wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, a ɓangaren Intel kuma furosesa daga zubi na takwas zuwa sama. Akwai masu tilasta ta a kan tsofaffin na'urori. In faifai mai juyi ne da RAM giga 4, kada ka bari a yi maka haka, nauyin da kake kuka da shi yanzu zai ninka.

In ka gwada waɗannan abin bai sauya ba, turo mini sunan kowace na'ura da lambar zubinta, da hoton shafin "Performances" na safe lokacin da take cikin nauyin, a ga Disque da Mémoire a fili. Ka kuma tambayi wanda ya girka maka Windows ko ya sa manhajar daskarewa, in ya sa ka karɓi kalmar sirrin a hannunsa.